Fanshon Jamus na Baba

Litinin, 3 ga Nuwamba, 4:20 na yamma

Wasiƙa daga ofishin haraji. A tsaye na buɗe ta a bakin ƙofa, jakar littattafan 'yan aji tara na rataye a kafaɗata. Sai da na karanta sau uku kafin na tuna ban cire takalmi ba.

Wai in yi musu bayani. Shekara huɗu ke nan ina neman ragin haraji a kan kuɗin da nake tura wa Baba Turkiyya, bisa cewa ba shi da abin shiga. To ga shi a fom ɗin bana, da sa hannunsa da hatimin dagacin ƙauyenmu, an rubuta yana karɓar fansho daga Jamus, Yuro 450 duk wata. Ɗaya daga cikin biyun ƙarya ce. Sun ba ni zuwa Juma'a, 28 ga wata. In ban kawo gyara ba, za su karɓe ragin shekara huɗun, su kuma miƙa fayil ɗina ga sashen binciken masu zambar haraji.

Zamba. Ni Nermin Yalman, da nake komawa in mayar wa mai burodi santi ashirin in ya yi mini ƙarin canji.

Yuro 450 ɗin nan ni nake tura su, ranar ɗaya ga kowane wata.

Ban yi ƙarya ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, 6:10 na safe

Kullum ina ce wa yara su karanta abu kafin su miƙa shi. Har a jikin allo na rubuta musu. Ni kuwa ambulan ɗin Baba ya iso a watan Mayu, na zaro fom, na ga hatimi, na haɗa da sauran takardu na aika. Ko kallon layi na bakwai ban yi ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in ga shi a jere.

Baba ya yi shekara goma sha biyu a ramin kwal a nan Jamus. A 1984 ya karɓe kuɗin fanshon da aka tara masa gaba ɗaya, ya kwashe mu muka koma ƙauye, ya sayi tarakta. Taraktar ta mutu kafin in gama firamare. Wanda ya karɓe kuɗinsa ba shi da fansho, kowa ya san haka, Baba ya fi kowa sani. Amma ranar da na fara turo kuɗi, shekara tara da suka wuce, marigayiya Inna ta shiga ɗaki ta ce masa, "Rasim, Jamusawa sun tuna da kai." Bai tambayi komai ba. Tun daga ranar sunan kuɗin nan fanshon Jamus. Ya sani, na san ya sani, ba wanda ya taɓa buɗe baki. A ƙauyenmu namiji zai ci gurasar ɗansa ya ɗaga kai. Gurasar 'ya mace kuwa, wadda aurenta ma ya mutu, wannan a ɓoye ake cin ta.

Da, Kawu Dursun ne dagaci. In cike fom da hannuna in aika, Baba ya sa hannu a kicin yana cewa bai ga tabaransa ba, Kawu Dursun ya buga hatimi yana kallon taga. Mutane uku, kowa ya san inda zai kawar da ido. Yanzu Kawu Dursun ya faɗi zaɓe, an zaɓi Levent, yaron da ya yi karatun mulki a Yozgat. Bana kuma aiki ya yi mini yawa, na aika fom ɗin ba a cike ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba, 1:15 na rana, ɗakin malamai

Na kira Gwaggo Zekiye, ƙanwar Baba. Ta ba ni labarin yadda aka yi tun kafin in gama tambaya.

Ofishin dagaci ɗaki ne a jikin gidan shayi, ƙofar ko rufuwa ba ta yi. Levent ya zauna da fom, yana karanta tambayoyi da ƙarfi kamar mai shela. "Kawu Rasim, kana da fansho?" Maza goma sha biyar sun ajiye karta suna saurare. Har da Hulusi.

Hulusi! Jirgin ƙasa ɗaya ya kawo su Jamus da Baba. Shi bai karɓe kuɗinsa ba, ya zauna har ya tsufa, fanshonsa na gaske ne. Shekara tara suna gasar wanda zai saya wa jama'a shayi ranar biya.

Gwaggo ta ce, "To 'yar nan, me kike so ya ce? Ya ce babu, Hulusi na zaune?"

Ƙararrawa ta kaɗa, na tafi aji.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, 5 na yamma

Na je ofishin haraji da kaina. Mai fayil ɗina wani Herr Kowalke ne, siriri, da tukunyar fure a kan taga da hoton kare. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Na shimfiɗa masa takardun banki na wata arba'in da takwas. Na ce ya duba: 450 sun fita daga wurina, 450 aka rubuta a fom. Ai ko ɗan aji biyar zai gane.

Ya ce, "Frau Yalman, ni ban ce kin yi ƙarya ba. Takardu biyu ne ke ƙaryata juna. Ta yiwu yana karɓar naki, yana kuma karɓar fansho."

Na ce, "A wurinmu uba ba ya faɗa a gaban mutane cewa 'yarsa ke ciyar da shi."

Ya ce, "Amma ke ce ke ciyar da shi?"

"Ni ce."

"To ina matsalar? Ni da 'yata za ta turo mini 450 duk wata, ai a jarida zan buga."

Ya yi dariya shi kaɗai.

Na tambaya ko wasiƙa daga ofishin fansho za ta wadatar. Ya ce za ta taimaka, amma ba za su gaya mini komai a kan Baba ba sai da sa hannunsa, kuma ba a san ranar amsarsu ba. Abin da yake so sabon fom ne, da hatimin hukumar garin da Baba yake, an rubuta ba shi da fansho, an rubuta sunan mai ciyar da shi.

Da zan fita ya ce, cikin tausayi wai, "Ke malamar gwamnati ce, ko? To ki yi ƙoƙari kada ya kai sashen can. In ya kai, hukumar makarantu na iya ji."

Shekara goma sha tara ina koyar da 'ya'yansu. Shekara goma sha biyu ubana yana haƙa musu kwal, har yau in ya yi tari sai ya dafa bango. Yanzu sai ya tsaya a gaban ƙauye ya tuɓe rigarsa kafin su yarda ni ba ɓarauniya ba ce.

Asabar, 8 ga Nuwamba, 11 na safe

Ban yi ƙarya ba. Ban yi ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, 3:30 na yamma

Kiran Lahadi. Baba cikin nishaɗi yake. Gyaɗar bishiya ta yi kyau bana, ya cika mini buhu, ya haɗa da garin miyar tarhana da Gwaggo ta shanya, wani mai mota zai taho da su. Ya tambayi yarana. Haka yake ce wa ɗalibaina, yarana.

"Malama, kina dukansu kuwa?"

"Baba, a nan ba a duka."

"Shi ya sa motocinsu suka fara lalacewa."

Na yi dariya. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa masa maganar fom. Sai na tambaye shi ko ya sa an gyara bututun murhu.

Talata, 11 ga Nuwamba, 6:45 na yamma

Na yi kuskuren kiran Yaya Orhan.

Yana Izmir a shagonsa na na'urar sanyaya ɗaki, ina jin yana ciniki da wani yana magana da ni. Da na gama bayani sai ya ce:

"Au, wato duk shekarun nan Jamusawa na mayar miki da kuɗin? Sannu Malama. Sadaka da rasit."

Na ce ba mayarwa ba ne, ragi ne, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma da shi nake sayen kwal ɗin sanyin Baba da maganin idonsa.

"To ki biya su mana ki huta. Ba Yuro kike ɗauka ba?"

"Yaya, ba maganar biya ba ce. In na yi shiru na amsa laifi ke nan. Aikina ne."

"Aikinki, aikinki. Mutuncin tsoho fa?"

Na ce, "Mutuncin tsohon nan, lira nawa ka taɓa sawa a ciki?"

Sai ya ce yana da shawara. A rubuta a fom cewa ɗansa ne ke ciyar da shi, wannan Baba zai iya faɗa a gaban kowa. Shi ya yarda a sa sunansa, ba komai, ai 'yan'uwa ne.

Ya yarda. A sa sunansa. Ba komai!

Na kashe wayar. Na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Laraba, 12 ga Nuwamba, 2:40 na rana

Na yi wa 'yan aji 9b tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wasiƙun neman gurbin koyon aiki muke rubutawa, uku sun manta kwanan wata, na tashi kamar an watsa mini ruwan zafi. Yaran nan ba su saba jin wannan muryar daga gare ni ba.

Kafin a tashi na ba su haƙuri. Na ce laifin ba nasu ba ne. Muka zauna muka gyara wasiƙun ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi sun yi kyau. Mai son aikin kafinta ta rubuta cewa tana son ƙamshin katako. Na ce kada ta goge, wannan layin ne zai samo mata gurbin.

Wa zai karɓi ajin nan in wani abu ya faru? Rabinsu sai bana suka fara ɗaga hannu.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, 4 na yamma

Na kira Levent. Na yi ta shirya kalmomi tun safe kamar mai shiga jarrabawa. Na roƙe shi ya ɗauki hatiminsa ya je gida wurin Baba, su biyu kawai, a gyara layi ɗaya.

Yaron nan da na taɓa share wa majina ya ce mini, "Malama, ina ganin girmanki. Amma na riga na buga hatimi a kan cewa yana da fansho. In zan buga a kan cewa ba shi da shi, sai na ji daga bakinsa, da shaidu biyu daga majalisar ƙauye. Gobe in Jamusawa suka rubuto wa gwamna, ni za a kama."

"Su wa ke majalisar?"

Ya lissafa huɗu. Ɗaya yana asibiti a Ankara, ɗaya ya tafi wurin ɗansa sai bazara. Saura liman da Hulusi.

Na ce, "Levent, Kawu Dursun bai taɓa neman shaida ba."

Ya ce, "Shi ya sa aka zaɓe ni."

Abin takaicin, in ɗalibina ne ya ba ni wannan amsar, maki cikakke zan ba shi.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, 3:30 na yamma

An gyara bututun murhu. Dusar ƙanƙara ta sauka a kan dutse. Akuyar maƙwabta ta shiga lambu.

Saura kwana goma sha biyu, takarda kuma tana cin kwana biyar a hanya ko da ta gaggawa ce.

Talata, 18 ga Nuwamba, 7 na safe

Maganar Yaya ta ƙi fita daga kaina. Sadaka da rasit.

Wa ya aike ni? Shekara biyar na farko ban nemi ragin komai ba. Sai da kuɗin haya ya tashi na ce ai haƙƙina ne, doka ce ta ba ni. Kuma haƙƙina ne! Abokan aikina suna cire kuɗin kujerar ofis, da kuɗin man zuwa aiki, har da na mai share musu bututun hayaƙi. Ba wanda aka ce ya kawo ubansa ya rantse shi mabuƙaci ne. Ni da nake ciyar da mutum, mutum mai rai, ni ce sai na kawo shaidu.

Amma wa ya aike ni.

Laraba, 19 ga Nuwamba, 5:50 na yamma

Na faɗa masa.

Ba zan rubuta ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, 6:30 na safe

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, 6 na yamma

Shekaranjiya, na fara da cewa an yi kuskure a fom. Ya ce wane kuskure. Na ce layin fansho. Ya ce, "Me ya samu fanshona?" Da muryarsa ta kullum, har da ɗan wasa a ciki, ya buɗe mini ƙofa in fice kamar yadda muka saba. Ban fice ba. Na ce, "Baba, babu fansho. Ni ce." Da bakina. Abin da Inna ta rufe shekara tara.

Ina ta jin numfashinsa, da wannan ƙarar da ƙirjinsa ke yi.

Sai ya ce, "Nawa za su ci ki?"

Na ce ba kuɗi ba ne, aikina ne zai iya taɓuwa.

"Makarantar?"

"Makarantar."

Na ce sai an sake fom, a gaban shaidu biyu.

"Su wa Levent ya ce?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "To." Ya ce shayinsa na hucewa.

Ga shi na rubuta.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, 3:30 na yamma

Bai ɗauka ba. Na sake kira ƙarfe huɗu. Bai ɗauka ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba, 1:20 na rana

Gwaggo ce ta kira, ina tsakiyar cin abinci a ɗakin malamai, na fita farfajiya ba riga mai nauyi.

Tun ranar Asabar aka yi. Baba ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, wadda ya sa ranar jana'izar Inna. Levent ya so ya ja ƙofa, Baba ya ce ya bar ta, a buɗe aka yi na farko. Levent ya rage murya, Baba ya ce ya ɗaga, kunnensa ba ya ji.

"Kana da fansho?"

"Babu."

"Wa ke ɗaukar nauyinka?"

"'Yata Nermin. Rubuta da kyau, malama ce, tana duba rubutu."

Liman ya sa hannu. Hulusi ya sa hannu bai ɗaga kai ba. Da aka fito, Hulusi ya ɗaga murya ya ce a kawo wa kowa shayi, shi zai biya, a fara da ɗan'uwansa Rasim. Gwaggo ta rantse da kyakkyawar niyya ya yi. Aka ajiye kofin a gaban Baba. Ya dube shi, ya zaro kuɗin kofi ɗaya ya ajiye kusa da shi, ya fita.

Gwaggo ta ce, "Takardarki na hanya. Allah ya sa ta yi miki amfani."

Ban san ko addu'a ce ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, 4:45 na yamma

Ta iso jiya. Yau na kai da hannuna.

Herr Kowalke ya buɗe, ya duba layi na bakwai, ya duba hatimi. Na ƙirga, bai kai daƙiƙa biyar ba. Ya ce, "Madalla. An rufe magana." Ya huda takardar ya sa a fayil. Ramin ɗaya ya ci gefen sa hannun Baba.

Ya ce, "Kin gani? Abu mai sauƙi. Ki dai tuna, kowace shekara sabon fom ake kawowa."

Na ce ba zan ƙara nema ba.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Frau Yalman, haƙƙinki ne fa. Sama da Yuro dubu za ki bar wa gwamnati a banza."

Na ce ta ci.

Ya raka ni har ƙofa, ya yi mini fatan hutun ƙarshen shekara lafiya. Na fita na tsaya a tashar bas. Na ci nasara. Aikina na nan, sunana fes. Gobe zan shiga 9b in koya musu yadda ake rubuta wa hukuma wasiƙa cikin ladabi.

Asabar, 29 ga Nuwamba, 10 na safe

Gwaggo ta ce mako guda ke nan bai taka gidan shayi ba. Masallaci, gida. Hulusi ya je har ƙofa sau biyu, Baba ya sa ta ce yana barci.

Yaya Orhan ya turo saƙo: "Hankalinki ya kwanta?"

Talata, 2 ga Disamba, 5:15 na yamma

Baba ne ya kira. Ba ranar Lahadi ba, kuma shi ya kira. Na ɗauka, na ce Baba an rufe maganar, komai ya wuce, ba za a ƙara kawo maka wata takarda ba har abada.

Ya ce madalla.

Sai ya gyara murya, irin yadda yake yi in zai yi magana da likita ko ma'aikacin banki. Ya ce, "Kuɗin da kika turo sun shigo jiya. Na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri."

Na ce, "Baba, don Allah."

Ya ce, "A'a. Wanda aka ba shi, godiya yake yi."